Tsatsar Turai a kan hanyar birji: resor ɗin da ya dace da motocin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Ƙanƙara ba ta sauka a jihar Maraɗi, kuma ba a taɓa barbaɗa gishiri a kan babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta bi ta Tibiri da Cadawa da Agiye ta kai Gazawa ba. Amma duk wanda ya shiga garejin bakanike a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motocin da ke jiran gyara, zai ga aikin gishiri ƙuru-ƙuru. Ƙarfe ya yi jajir yana ɓarewa ɓawo-ɓawo, kusoshi sun ƙi kwancewa, resor kuwa, wanda a hayin Najeriya ake ce wa sifirin, ya karye daga gindi. Gishirin da ya yi wannan ɓarna a titunan Beljiyam da Jamus da Kanada aka zuba shi, shekaru kafin motar ta hau jirgin ruwa ta nufo mu.

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa a kan kwalta, hukumomin hanya na watsa gishiri saboda ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri kamar ruwan daɗi. Amurka kaɗai tana zuba sama da tan miliyan 15 a kan hanyoyinta kowace shekara. In sanyi ya tsananta sai a ƙara da wasu nau'o'in gishiri masu sinadarin kalsiyam ko magniziyam, waɗanda ke jawo laima daga iska, don haka ko an ajiye mota a cikin gida ƙasanta ba ya bushewa. Taya na fesa wannan ruwa cikin kowane lungu, ya kwanta a can har hunturu ya wuce, shekara ta zagayo a ƙara wani.

Manyan kamfanoni ma sun ji jiki. A 2014 Toyota ta kira motocin Tacoma kusan 690,000 a Amurka su dawo gyara, saboda fallen resor na baya yana iya karyewa sakamakon tsatsa da nauyi, har ya huda tankin mai. A 2016 kamfanin ya amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 kan shasin Tacoma da Tundra da Sequoia da tsatsa ta cinye. Wannan fa a ƙasar da mai mota ke da lauya da kotu da takardar garanti ke nan.

Motar da ta sha hunturu goma ko goma sha biyar, in ta kasa cin jarrabawar lafiyar mota a can, ko kuɗin gyaranta ya fi ƙimarta, mu ake turo wa. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Hanyar da muka saba ita ce daga unguwar Heyvaert ta birnin Burasel zuwa tashar jiragen ruwa ta Antuwap, daga nan Kwatano, sai Malanbil, a haye kogin Kwara zuwa Gaya, a bi ta Doso da Ƙonni da Madawa a shigo jihar Maraɗi ta Gidan Rumji. Tun da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, farashi ya hau, mai saye kuwa sai ya ƙara karkata ga mota mafi tsufa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ciniki. Mai saye zai zagaya mota yana shafa fenti, ya saurari ƙarar inji, ya duba hayaƙi, ya kunna rediyo. Da wuya ya sa tabarma ya kwanta ya leƙa ƙasa. Wasu dillalan sun san haka, shi ya sa suke fesa baƙin fenti ko baƙin mai a ƙarƙashin mota har ta yi sheƙi. Mai ƙaramin ƙarfi da ya sayar da amfanin gonarsa na shekara biyu don ya samu abin sufuri bai cancanci wannan ba.

Ya kamata a fahimci yadda resor yake mutuwa, don a nan ne yawancin masu mota suke ruɗuwa. Resor mai murɗi sandar ƙarfe ce mai kaurin milimita 11 zuwa 14 a ƙananan motoci, an haɗa ƙarfen da sinadaran silikon da kuromiyam, an gasa shi an tsoma, aka sake ɗumama shi a kan ma'auni har ya samu taurin da ke tanƙwaruwa ya koma. Duk lokacin da taya ta faɗa rami, sandar tana murɗuwa, kuma wahalar murɗawar a fatar ƙarfen ta fi taruwa. Don haka a masana'anta ake yi wa fatar ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe su danne ta, sannan a shimfiɗa mata sinadarin zinki da fosfet, a rufe da garin fenti da ake gasawa a tanda. Muddin wannan rigar tana nan, resor na iya kai ƙarshen rayuwar motar. Da zarar ta ɓare a wuri ɗaya, ruwan gishiri sai ya haƙa ɗan rami wanda ido da ƙyar zai gan shi. Daga wannan rami tsaga ke farawa, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan da kowane girgiza, sai wata rana a ji ƙas. Galibi a zagayen ƙasa yake karyewa, inda ya zauna a kan faranti, domin a nan ne yashi da ruwa suke kwana. Ko bai karye ba, ramewa kaɗai ta isa: in tsatsa ta rage kaurin sandar da kashi 10 cikin 100, ƙarfin ɗaukarta yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ne ake jin bakanike yana cewa, "Alhaji, motar nan ta zauna, resor ya kwanta."

Ƙasarmu busasshiya ce, wata takwas babu ruwan sama, kuma wannan rahama ce ga ƙarfe. Sai dai abin da gishirin Turai ya fara, hanyoyinmu ne ke ƙarasa shi. Da an sauka daga kwalta zuwa ƙauyukan Gangara ko Cadakori ko Gidan Sori ko Saye Sabuwa, sai birji mai gargada da jigawa mai zurfi. Gargada tana girgiza resor sau dubbai a tafiya ɗaya, tsakuwa da yashi kuma suna kankare masa fenti. Ga lodi. Yankin Agiye da Cadawa da Gazawa ya yi suna wajen noman aya, ga gero da wake da riɗi da gyaɗa, kuma ranar kasuwa motar da aka ƙera wa mutum biyar za ka gan ta da buhuna a sama da baya da fasinja a kan buhunan. Mu ma kuma muna da namu masu cin ƙarfe da ba a cika lura da su ba: takin zamani da ya zube daga buhu, gishiri da kanwa da ake ɗauka don dabbobi, da fitsarin awaki da shanu da ke tsiyaya ta ƙasan bodi kai tsaye bisa fallen resor. In damina ta zo, mota ta ratsa Gulbin Maraɗi ko kwarin Gulbin Kaba, laka ta cika faranti ta bushe a can, duk abin da aka ambata sai ya samu ruwan da zai yi aiki da shi.

A Turai da Amurka akwai samari masu sha'awar mota ta yi ƙasa-ƙasa. Suna cire resor na asali su sa gajere, irin na kamfanonin Jamus kamar Eibach da H&R, wanda ke sauke mota da milimita 25 zuwa 40. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta hakan na da amfani, domin mota ba ta karkata sosai a kwana. Damuwarsu kawai ita ce wanne ne fentinsa zai jure gishirin hunturu. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci suna isowa nan da gajeren resor ɗin a jikinsu, mai saye bai sani ba. Wasu samarin birni kuma sun fara kwaikwayo, har da yanke zagaye ɗaya ko biyu da injin yankan ƙarfe. Ni ban ga wurin wannan a gundumomin nan uku ba ko kaɗan. Ƙaramar motar Turai dama tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 15 ba, alhali Hilux da Land Cruiser da ke iya hanyoyinmu sun haura 20. A rage santimita uku ko huɗu daga wannan ɗan abin, sai tukunyar man inji da salansa su riƙa dukan tudun tsakiyar hanya, shokazoba ta riƙa kaiwa ƙarshe tana buguwa, ta mutu cikin ƴan watanni. Matar da naƙuda ta kama a ƙauye da dare, motar da cikinta ya kafe a yashi ba za ta kai ta asibitin Agiye ba.

Dattawan direbobi sun san da haka tun zamanin Peugeot 404 da 504. Kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma abin da ya sa motocinsa suka mamaye tashoshi daga Katsina zuwa Maraɗi har Damagaram shi ne tsayin ƙafa da resor mai dogon numfashi, wanda ke haɗiye rami ba tare da ya buga ba. Har yau ana ganin tsofaffin a-kori-kura suna jigilar kasuwannin ƙauye.

To, wanda ya zo sauya resor, me zai nema? Tsayi da ƙarfi shi ne farko: na asali daidai da motar, ko wanda aka ƙera wa samfurinta mai ɗaukar kaya. Masana'antu da yawa suna ɗiga fenti mai launi a jikin resor don nuna ƙarfinsa, saboda haka a je shago da tsohon a hannu, a gwada ɗigon da kauri da yawan zagaye. Bayan nan sai riga. Fentin da aka gasa yana da kauri da santsi, farce ba ya kankare shi. Wanda aka fesa jiya a bayan shago kuwa da an karce shi tsatsa za ta leƙo. Kada ƙyalli ya ruɗi kowa. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokali, ba shi da jurewar da resor ɗin mota yake bukata, kuma shafa wa ƙarfe mai tauri kuromiyam ta hanyar lantarki na iya sa shi saurin karyewa. In kuɗi bai kai na sabo ba, dole sai na gwanjo, to a wanke shi, a bi zagayen farko da na ƙarshe da yatsa. In an ji ramuka, a ajiye shi komin arharsa. A sauya hagu da dama tare, kuma a sa sabuwar robar da yake zama a kai, don ita ce ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Ina ganin girman masu walda da maƙeranmu, waɗanda ke tayar da motar da a wata ƙasa da tuni an jefar. Ƙara falle ɗaya a resor ɗin a-kori-kura, in an yi da sani, dabara ce mai kyau, ko da yake ba ta ƙara wa birki da taya da shasi ƙarfi. Amma akwai abu biyu da ya kamata a daina: yi wa karyayyen resor walda, da gasa shi da wuta don a miƙe shi ko a sauke shi. Zafi yana warware gashin da masana'anta ta yi, wurin ya zama ko dai laushi ko gautsi, kuma a kan hanya zai nuna, da fasinja a ciki. Fallen da ya karye yana da inda ake jiransa a maƙera, inda ake yin adda da gatari da fartanya masu kaifi da shi.

Kulawa ba ta da tsada. Bayan an ɗauki taki ko kanwa ko dabbobi, a wanke bodi da ƙasan mota da ruwa mai ƙarfi tun a ranar. Ƙarshen damina a tono lakar da ta maƙale a faranti, inda fenti ya ɓare a goge a shafa sabo. Giris kaɗan tsakanin falle yana taimakawa, amma baƙin mai da ake kwarara wa ko'ina yana lalata roba, yana kuma kama yashi.

Kira na ga shugabannin ƴan tasha na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji shi ne su mayar da shi ƙa'ida a tsakanin mambobinsu: duk motar da za a saya ko a sa a layi, a fara hawar da ita kan rami a gaban bakaniken da mai saye ya zaɓa, a kankare baƙin fentin da ƙarfe, a ƙwanƙwasa shasi da guduma, a duba gindin kowane resor. Dillalin da ya ƙi yarda da haka, a bar masa motarsa.