Yadda Hannun Gem Ya Shiga Jirgin Yaƙi na Ƙarƙashin Teku

A gidan soja, na ƙasa ba ya gyara wa na sama magana. Wannan yana da amfani a fagen daga, amma wajen ƙera kayan aiki matsala ce, domin wanda zai kwana yana danna na'urar shi ne ƙaramin soja, ba Admiral ba.

Rundunar sojan ruwan Amurka ta gwada wata hanya a 2011 da wani shiri mai suna TANG, tare da ɗakin binciken kimiyya na Jami'ar Johns Hopkins da kamfanin IDEO. Hanyar ita ce tunanin mai zayyana: ka fara da lura da mai amfani da abu, ka gano ainihin abin da ke damunsa, ka haɗa samfuri mai arha ko da na kwali ne, ka ba shi ya gwada, ya kushe, ka gyara. Sai aka tara ƙananan hafsoshi da kuratan jiragen ƙarƙashin teku aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, a ajiye maganar muƙami tukuna.

Ga abin da ya fi yin suna. Jiragen samfurin Virginia ba su da dogon madubin leƙen nan da muke gani a fim. Kyamarori ne a kan sanda, hoton yana fitowa a sikirin. Abin juya su kuwa nauyi gare shi, kuma sai an yi sa'o'i ana koyonsa. Samarin suka ce, to me zai hana a sa hannun Xbox, wanda tun suna yara yake hannunsu? Da aka gwada, cikin mintoci mutum ya iya. A lokacin, tsohuwar na'urar da allonta kusan dala 38,000 ne, hannun gem ɗin bai wuce dala 30 ba. Jirgin USS Colorado, da ya fara aiki a Maris 2018, shi ne na farko da ya fito da shi.

Kada dai a ɗauka sabon yayi ne kullum daidai. A Agustan 2017 jirgin USS John S. McCain ya yi karo da wata tankar mai kusa da Singafo, sojoji 10 suka mutu. Bincike ya ɗora laifi kan ƙarancin horo, ya kuma nuna cewa allon shafawa da ake sarrafa tuƙi da gudun jirgin da shi ya rikita matuƙan. Da rundunar ta tambayi masu aikin, suka ce a maido musu da liba ta hannu. A 2019 ta sanar cewa za ta yi hakan a irin waɗannan jiragen. Tambayar ta zo, amma bayan an yi jana'iza.

Mu da ke shirin furojet na HND, mu duba: injin surfe ko famfon ban ruwa da muke haɗawa a wakshof, sau nawa mai surfen ko manomin ya taɓa shi kafin ranar da malamai za su ba da maki?