Riƙon Tsohuwar Mota a Cikin Birni

Yawancin motocin da ke shiga da fita ta Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata a Kano ba a nan suka fara aiki ba. Sun gama yi wa wani hidima a Turai ko Amurka, aka sauke su a Kwatano ko Legas, sannan suka iso hannunmu. Wasu kuma, irin su Peugeot 504 da 406, a Kaduna aka harhaɗa su, sun bi hannu uku ko huɗu. Yanzu da sauya mota ya zama sai mai hali, wadda ke ƙofar gida ita za a lallaɓa.

Abu na farko da ya kamata mai mota ya gane shi ne, zirga-zirgar cikin birni ta fi doguwar tafiya gajiyar da inji. Daga Mandawari zuwa Kurmi ba nisa, amma rabin lokacin a tsaye kake tsakanin 'yan adaidaita sahu da masu kura. Inji yana ta aiki, mita ba ta ƙirgawa. Saboda haka kada ka jira kilomita kaɗai kafin ka yi juye. Ga mota mai irin wannan wahala, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, kuma a sauya filta tare da man. A sayi mai a galan mai hatimi, ba na awo a kwalba ba. A kuma duba lambar da kamfani ya rubuta. Mai kauri irin 20W-50 ya dace da 504, amma injin da aka yi wa 5W-30 hanyoyin mansa ƙanana ne, mai kauri ba ya isa sama da wuri idan aka tayar da safe.

Duba man kuwa ba sai bakanike ba. Da safe, kafin ka tayar, motar tana wuri mai daidai, zaro sandar awo, goge ta da tsumma, mayar, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu da ke jikin sandar. Baƙinsa ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ka gan shi ya koma kalar shayi mai madara: ruwa ya shiga mai ke nan, galibi gaskit ne ya ƙone, kuma motar ba ta da sauran tafiya sai gareji.

Da hunturu, filtar iska ce mai shan wuya. Cire ta kowane mako biyu, karkaɗe ta a hankali, ɗaga ta saitin rana. Idan haske ba ya ratsawa, ta gama. Ta takarda ba a wanke ta.

Sai babbar magana, wato zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, a nan ne tsofaffin motoci ke tona asirin masu su. Lagireto ba a buɗe shi sai inji ya huce, domin ruwan da ke ciki a matse yake, ya kuma wuce tafasa. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa da muke ɗurawa yana barin gishiri da tsatsa, su toshe siraran bututun a hankali, har wata rana allurar zafi ta tashi a tsakiyar cunkoso. Ruwan kulant shi ne daidai, yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa.

Idan mota ta fara zafi, sau da yawa za ka ji an ce, "Alhaji, a cire tamostat kawai, ai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka dairek." Wannan shawara ba na goyon bayanta. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ta buɗe. In aka cire ta, inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur, shan mai ya ƙaru, ƙarafa su riƙa cin juna. Ainihin ciwon kuma yana nan, an rufe shi ne kawai: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci. Waɗannan za a bi ɗaya bayan ɗaya. In tamostat ɗin ce ta maƙale, a sa sabuwa. In kuwa allura ta hau kana hanya, kashe AC, gangara gefe, kashe inji, ka jira. "Bari in ƙarasa gida" ya buga injuna da yawa.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawa sai fitilar tanki ta kama suke shiga gidan mai. Uzuri ne mai ƙarfi, amma a yawancin motoci famfon fetur a cikin tanki yake zaune, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. In da hali, kada a bari ya sauka ƙasa da kwata.

Damina tana da nata. Idan ruwan Agusta ya cika titi a wajejen Jakara, mota ta mutu a ciki, kada ka sake murza makulli. In inji ya zuƙi ruwa, murzawar nan ita ce za ta lanƙwasa ƙarafansa. A tura ta waje, a cire filogi, a fitar da ruwan tukuna.

Taya kuwa, kyan zanenta ba ya nuna shekarunta. A gefenta akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar Beljiyam da ta haura shekara shida, ko ta fara tsattsagewa a gefe, ba ta hanyar Zariya ba ce da tsakar rana. Haka bel ɗin tayimin a motoci irin 406: in ba ka san ranar da aka sa shi ba, ka ɗauka lokacinsa ya yi, domin in ya tsinke kana tafiya, yakan tafi da balob ɗin inji.

In za ka Ƙofar Ruwa sayen kayan gyara, tafi da tsohon a hannu, ka jera su ka gani. Ƙofa, fitila, kik da altaneta, na Beljiyam sau da yawa sun fi sabon jabu ƙarko. Amma birki, bel da filta, sababbi masu kyau za a saya, ko da sun fi tsada. Ka riƙe bakanike ɗaya da ya san motar, ka ajiye ɗan littafi a aljihun dashbod kana rubuta ranar juye da duk abin da aka sauya. Fitilar cek injin kuma in ta kama, a kai a sa mata kwamfuta a karanta, kada a bari wani ya cire ƙwan.