Giwa a jikin bindiga: yadda ake zana namun daji a kan ƙarfe

Tun N'Djamena tana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya shi a 1973, Turawa mafarauta ke sauka a nan su nufi kudu wajen Sarh neman giwa da ɓauna. Masu hannu da shuni a cikinsu kan riƙe bindiga mai baki biyu, an zana dabbobi a jikin ƙarfenta. Da hannu ake wannan zane, kuma har yau sana'ar na nan a Liyej ta Beljiyam, da Landan, da garin Gardone na Italiya, inda kamfanin Beretta ya faro tun 1526.

Ana aikin ne tun ƙarfe bai sha wutar da za ta ba shi tauri ba. Mai zane zai goge shi ya yi sumul, ya fitar da siffar dabbar da fensir, sannan ya ɗauki ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kurfi da ƙaramar guduma, yana tsaye yana bugu a hankali. Da ita ake yin furanni da layuka masu zurfi. Ta biyu Italiyawa na ce mata bulino. Wani siririn ƙarfe ne mai tsini da ake turawa da tafin hannu, ana leƙe ta madubin ƙara girma. Ɗigo-ɗigo da ƙananan layuka dubbai ne ke haɗuwa su zama dabba: inda ake son inuwa, kamar ƙarƙashin wuyan ɓauna, a cusa su, inda haske ya sauka, a rarraba su. Da haka gezar zaki da tamojin fatar giwa ke fitowa kamar hoto. Abin da aka yanke ba ya komawa, shi ya sa bindiga ɗaya kan ci watanni.

In za a sa zinariya, sai a haƙa rami mai faɗin ciki da ƙaramin baki, a dandaƙa zinariyar ta cika shi ta maƙale.

Zana dabba ba baƙon abu ba ne a Chadi. A duwatsun Ennedi, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, mutanen dā sun sassaƙa raƙuman dawa da shanu shekaru dubbai da suka wuce. Su kuwa giwayen gandun dajin Zakouma, bindigar masu farautar haure ta rage su daga kusan 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010.

Wannan fasaha ba sai a jikin bindiga ba. Wuƙa, takobi, faranti da munduwa duk suna ɗaukarta, kuma maƙeranmu masu aikin azurfa da tagulla sun riga sun san riƙon kurfi. A tallafa musu da kayan aiki da horo, mu kuma mu daina taya aikin hannu da farashin na inji.