Ciwon Sukari da Ƙarancin Jini: Cutar da Ke Fakewa Bayan Wata

Idan manomi mai ciwon sukari a Bacirawa ya fara kasa gama kunya ɗaya ba tare da haki ba, akan ce ai sukarin ne ya tashi. Sau da yawa kuwa ba haka abin yake ba, jininsa ne ya yi ƙaranci.

Ƙarancin jini shi ne raguwar himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda yake kai iskar oksijin ga sassan jiki. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namijin da nasa ya gaza giram 13 a desilita ɗaya, ko macen da nata ya gaza 12, to, yana da wannan larura. Wani bincike da aka wallafa a 2003 kan masu ciwon sukari 820 a Ostareliya ya gano cewa kashi 23 cikin ɗari suna ɗauke da ita, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu.

Babban dalili yana cikin ƙoda. Ban da tace jini, ƙoda tana samar da wani sinadari mai suna iritiropoyetin, wanda yake umurtar ɓargo ya ƙera sababbin ƙwayoyin jini. Ƙwaya ɗaya kwana 120 take yi ta mutu. Idan sukari ya daɗe yana lalata ƙoda, sai saƙon ya yi rauni, ɓargo ya kasa mayar da gurbin waɗanda suka mutu. Saboda haka ƙarancin jini kan zama gargaɗi cewa ƙoda ta fara taɓuwa. Haka kuma, shan maganin metformin na shekaru yakan rage bitamin B12 da hanji ke tsotsa.

A karkararmu akwai ƙarin nauyi: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da tsargiya duk suna cin jini, shan shayi tare da abinci kuma yana rage sinadarin ƙarfe da jiki ke samu daga wake, zogale da rama.

Ya kai ɗalibi, idan akwai mai ciwon sukari a gidanku, lura da farin ido, jiri da bugun zuciya. A roƙi likita ya auna jini da ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Kada a sayi maganin ƙarin jini a kemis kafin a san dalili, domin ƙwayar ƙarfe ba ta gyara ƙoda, kuma zuciyar da ke fama da sukari ita ce ke biyan kuɗin jinkiri.