Gidan giyar Chico: yadda tsoffin tukwanen madara suka zama masana'anta

A arewacin jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka, cikin kwarin Sakaramanto inda ake noman shinkafa da itatuwa masu ƴaƴa, akwai wani gari ana ce da shi Chico. Ƙidayar shekarar 1980 ba ta same shi babban gari ba, amma a ƙidayar 2020 mutanensa sun ɗara dubu 100 da kaɗan. Yana da jami'a, yana da gonaki kewaye da shi, kuma daga gabas ana hangen duwatsu. Abin da ya fitar da sunansa duniya kuwa shi ne wani gidan yin giya mai suna Sierra Nevada, wanda samari biyu suka kafa da kuɗin rance.

Galibin masu karanta wannan shafi ba mashaya ba ne, addini ya hana, kuma ba tallar kwalba muka zo yi ba. Abin dubawa a nan shi ne yadda ƙaramar sana'a take tashi a gaban manyan kamfanoni, da irin rawar da mutanen gari suke takawa wajen tashinta.

Kafin a gane girman abin da samarin nan suka tarar, sai an koma baya kaɗan. A shekarar 1873 gidajen yin giya a Amurka sun haura 4,000, kusan kowane gari da nasa. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnati ta haramta yin barasa da sayar da ita a duk faɗin ƙasar. Da aka ɗage dokar, gidajen da suka farfaɗo suka shiga haɗiye juna, babba ya sayi ƙarami, ƙarami ya rufe, har ya zamana a ƙarshen shekarun 1970 waɗanda suka rage ba su kai 100 ba. Giyarsu kuma kusan iri ɗaya ce, fara, marar ɗaci, an surka sha'ir da masara ko shinkafa. Wanda yake son wani ɗanɗano dabam, sai dai ya nemi ta Turai da tsada, ko ya dafa tasa a gida.

Ken Grossman yana cikin masu dafawa a gida. An haife shi a 1954 a yankin Los Anjeles, ya koma Chico a 1972, ya yi aikin gyaran kekuna yana kuma karatun kimiyyar haɗa magunguna. A 1976 ya buɗe ɗan kanti inda yake sayar da kayan dafa giya ga masu sha'awa. A lokacin nan dokar tarayya ba ta riga ta halatta dafawar gida ba. Sai a 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta yarda da ita, ta fara aiki a 1979. Masu zuwa kantin nan, masu kawo kwalabensu a ɗanɗana a yi gardama, su ne tushen masoyan da gidan ya samu daga baya.

A kantin ne Grossman ya haɗu da Paul Camusi, suka yi shawarar su mai da abin sana'a. Sun ziyarci gidan Anchor na San Faransisko, wanda Fritz Maytag ya ceto daga rufewa a 1965, da kuma New Albion, ɗan ƙaramin gidan da Jack McAuliffe ya kafa a Sonoma a 1976. Banki bai ba su rance ba, don ba wanda ya ga hankali a kafa sabon gidan giya a zamanin da tsofaffi ke mutuwa. Dangi da abokai suka tara musu wajen dala dubu 50 na farawa. Dalar Amurka ake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba, amma duk da haka kuɗin bai isa sayen ko da tukunya ɗaya sabuwa irin ta manyan kamfanoni ba. Ƙananan injuna na wannan sana'a ma ba a ƙera su a Amurka a lokacin.

To, a nan ne gyaran keke ya yi rana. Grossman ya shiga makarantar koyon sana'a ta yankin, ya koyi walda da gyaran na'urar sanyi, sa'an nan ya bi gidajen madara da suka rufe da wuraren tara tsoffin ƙarafa yana tsintar tankunan baƙin ƙarfe marar tsatsa. Ya yanke, ya liƙa, ya haɗa bututu, har ya tada tukunyar da ke dafa ganga 10 a tashi ɗaya. Gangar giya a ma'aunin Amurka lita 117 ce. Ranar 15 ga Nuwamba 1980 suka yi dafawar farko a wani ɗakin ajiya da suka yi haya.

Aikin kansa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin yadda ake burkutu. Ana jiƙa hatsi ya tsiro, a shanya, a ɓarza, a dama da ruwan zafi har zaƙinsa ya fito, a tace, a tafasa, a bari ya huce, sa'an nan a sa yis, ƙwayar nan da ke sa kwaɓin burodi ya tashi, ita ce ke mai da zaƙin barasa. Bambancin shi ne su da sha'ir suke yi maimakon dawa, kuma lokacin tafasa suna zuba furen wani tsiro mai yaɗo da Faransawa ke kira hublon, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ya kuma hana ta saurin lalacewa. Samarin Chico sun zaɓi wani irin hublon mai suna Cascade, wanda masu binciken noma suka fitar a jihar Oregon a farkon shekarun 1970, mai ƙamshi kamar ɓawon lemo da ganyen itacen fir. Manyan kamfanoni ba su cika zuba shi da yawa ba. Su kuwa suka cika hannu.

Giyar da suka sa wa rai, wadda suka kira Pale Ale, ba ta zo da sauƙi ba. Sun zubar da dafawa wajen 10 a jere saboda ɗanɗanon yau ba ya zama ɗaya da na jiya, alhali kuɗi na ƙarewa. Mai ƙaramin jari da ya zubar da kaya har sau goma, ko dai wawa ne ko kuwa ya san abin da yake nema. A watan Maris 1981 suka fitar da ita kasuwa. Suna barin ɗan yis a cikin kwalba don giyar ta ƙarasa nuna a can, abin da ya sa ake ganin ɗan laka a gindin kwalbar, sai an yi wa mai saye bayani kada ya ce ta ɓaci.

Ba kowa ya karɓe ta ba. Grossman kansa ya sha faɗin cewa mafi yawan waɗanda suka ɗanɗana da fari sun yamutsa fuska don ɗaci, amma ƴan kaɗan da suka so ta sun so ta ƙwarai. A shekarar farko abin da suka sayar bai kai ganga 1,000 ba, kuma yawancinsa a Chico da kewaye aka shanye shi. Tsoffin abokan cinikin kantin, da malaman jami'a da ɗalibai, da masu mashaya na cikin gari da suka yarda suka ajiye kwalaben, su suka riƙe gidan a shekarun da ba shi da kuɗin talla ko na anini. Ɗalibin da ya gama karatu ya koma garinsu yakan tambayi mai kanti ina giyar Chico, mai kanti kuma ya tambayi dillali. Da haka sunan ya gangara kudu zuwa Berkeley da San Faransisko, inda wani shahararren gidan abinci mai suna Chez Panisse ya sa ta cikin abin da yake ba baƙinsa. New Albion kuwa, wanda ya riga su farawa, ya rufe a 1982 don ya kasa samun kuɗin faɗaɗawa, kuma ɗan abin da yake dafawa bai isa ya biya bukatunsa ba.

Wannan darasi bai wuce Grossman ba. Tun farkon shekarun 1980 ya tafi Jamus ya sayi tukwanen jan ƙarfe na wani gidan giya da ya rufe, masu ɗaukar ganga 100, ya kwance su ya yo jigilarsu, suka yi shekaru a ajiye don babu kuɗin kafa su. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 aka gina sabon gida a titi na 20 na Chico aka ɗora su, aka buɗe wurin cin abinci da sha a gefe a 1989. Tsohuwar tukunyar da aka ƙera da tankunan madara ba a yar da ita ba, wani sabon ƙaramin gida mai suna Mad River ya saye ta ya fara tasa sana'ar da ita. A 1998 Camusi ya sayar wa Grossman kasonsa ya fita.

Daga nan girma ya yi ta zuwa. A tsakiyar shekarun 2010 abin da gidan ke fitarwa ya kai wajen ganga miliyan ɗaya a shekara. Da jigila daga gaɓar yamma zuwa ta gabas ta yi tsada, nisan da ya haura kilomita 4,000, sai aka gina gida na biyu a Mills River cikin jihar Karolina ta Arewa, ya fara aiki a 2014. A Chico an shimfiɗa faifan hasken rana fiye da dubu 10 a kan rufi da wurin ajiye motoci, dusar hatsin da aka tace kuma shanu ake ba.

Sai dai girma yana zuwa da tambaya: gidan da ake sayar da kayansa a duk jihohin Amurka, har yanzu na mutanen Chico ne? Tambayar ba ta banza ba ce, don masoya irin wannan giya suna da kishi, kuma sun ga abin da ya sami wasu. Kamfanin AB InBev ya sayi Goose Island na Shikago a 2011. Heineken ya sayi rabin Lagunitas a 2015, ya ƙarasa sauran a 2017. Anchor, wanda samarin Chico suka je koyo wurinsa, ya faɗa hannun Sapporo na Japan a 2017, aka rufe shi a 2023. Ƙungiyar masu ƙananan gidajen giya ta Amurka ta sa iyaka: wanda ke fitar da fiye da ganga miliyan 6 a shekara, ko wanda babban kamfanin barasa ya mallaki kashi 25 cikin 100 nasa ko fiye, ba ya cikin sahunsu. Iyakar miliyan 6 ɗin, a gaskiya, ta yi faɗi da yawa ga abin da ake kira ƙarami. Amma Sierra Nevada ya zauna a hannun Grossman da iyalinsa, kuma ya ci gaba da dafa wata giya mai suna Old Chico wadda aka yi domin kasuwar gida. Ga ɗan gari, kwalbar da baƙo ba ya samu a garinsu abin alfahari ce.

Amsar da ta fi ƙarfi ta zo ne da masifa. Ranar 8 ga Nuwamba 2018 gobarar daji da aka sa wa suna Camp Fire, wadda wayar lantarki ta haddasa, ta tashi a tuddan gabas da Chico. Ta cinye garin Paradise kusan ƙurmus, mutum 85 suka rasu, gine-gine fiye da dubu 18 suka ƙone. Dubban waɗanda suka tsira Chico suka kwararo, cikinsu har da ma'aikatan gidan giyar da dama da suka rasa muhalli. Gidan ya dafa abinci ya raba, ya ba da tufafi, ya buɗe asusun taimako da dala dubu 100. Sa'an nan Grossman ya rubuta wa sauran masu sana'ar, ya ba su tsarin dafa wata giya mai suna Resilience kyauta, bisa sharaɗin duk abin da aka sayar a zuba shi a asusun. Gidaje fiye da 1,400 suka amsa, masu sayar da tsiron sha'ir da hublon suka ba da kaya kyauta. An tara miliyoyin daloli. Ba duka abin ya tafi sumul ba, don bayan watanni sai da aka bi waɗansu gidajen da takardar tuni kafin su aiko da abin da suka alkawarta. Alkawari a lokacin kuka ya fi cikawa sauƙi. Duk da haka, gidan da mutanen gundumar Butte suka riƙe a 1981 ya sami abin riƙe su da shi bayan shekara 37.

Yau kasuwar ta sake juyawa. Gidajen giya a Amurka, da ba su kai 100 ba lokacin da Grossman ke walda, sun haura 9,000 a farkon shekarun 2020, wuri ya cika. A 2024 waɗanda suka rufe sun fi waɗanda suka buɗe yawa, abin da aka yi kusan shekara 20 ba a gani ba. Tsadar hatsi da gwangwani ta matsa wa ƙanana, kuma matasa da yawa sun rage sha ko sun daina. Sierra Nevada, wanda a lissafin ƙungiyar na 2023 shi ne na uku a girma bayan Yuengling da Boston Beer, ya bi masu sayensa inda suka nufa: ya fitar da Hop Splash, ruwa mai ƙamshin hublon wanda babu barasa a cikinsa ko kaɗan, daga baya kuma ya ƙara da Trail Pass, giyar da barasarta ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.