Wasan Kwamfuta Da Fatalwa Ke Tashi In An Ƙi Binne Gawa

Wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Amurka, Tarn Adams da wansa Zach, sun ƙago wani wasan kwamfuta mai suna Dwarf Fortress, suka fito da shi kyauta a shekarar 2006. A cikinsa ana damƙa wa mai wasa wadanni bakwai, watau gajerun mutane na tatsuniyar Turawa, ya haƙa musu gari a cikin dutse, ya kula da cinsu da shansu. Abin da ya fi jan hankali kuwa shi ne yadda wasan ya ɗauki sha'anin mutuwa.

In wada ya mutu, sai an sassaƙa masa akwatin gawa, na katako ko na dutse, an keɓe masa wuri an ajiye shi. In aka yi sakaci aka bar gawar tana ruɓewa a fili, 'yan'uwa da abokan mamacin sukan shiga baƙin ciki. Mai baƙin ciki yakan fasa kaya ko ya doki maƙwabcinsa, wani ya mutu, wasu kuma su shiga sabon baƙin ciki, har gari ya watse gaba ɗaya.

Tun daga shekarar 2010 aka ƙara fatalwa a wasan. Wanda ba a binne ba yana iya tasowa. Wata fatalwar yawo kawai take yi tana tsorata jama'a, wata ta riƙa ɓatar da kaya, wata kuwa har kisa takan yi. Ba a korarta da takobi, maganinta guda ne, a biya mamaci hakkinsa. In gawar ta ɓace, kamar wanda ruwa ya ci ko ya faɗa narkakken dutse, sai a zana sunansa a allon dutse a kafa, nan take fatalwar ta kwanta.

Har ila yau, duk duniyar da wasan ya ƙirƙiro tana zuwa da gumakanta na almara, wani na wuta, wani na mutuwa, wani na dukiya. A shekarar 2015 aka ba mai wasa damar keɓe musu ɗakin bauta, wadan da ya daɗe bai yi bauta ba kuwa sai hankalinsa ya tashi.

Gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya sanya wasan cikin kayansa a 2012, aka kuma fara sayar da shi da hotuna a 2022.

To, wannan duka ƙage ne, ba aƙida ba ce. Amma mazauna Sabo da Agege, waɗanda suka san wahalar neman maƙabarta da haɗa kuɗin likkafani ga baƙon da ya rasu nesa da gida, ba za su rasa gane darasin ba: garin da ya wulaƙanta matattunsa, rayayyunsa ma ba su zauna lafiya.