Abubuwan da ya kamata ka sani game da goyon bayan ɗan takarar shugaban ƙasa: darasi daga tafiyar Buhari

Kwanaki kaɗan kafin zaɓen 16 ga Afrilu 2011, Janar Muhammadu Buhari ya tsaya gaban jama'a a Abuja yana jawabin rufe yaƙin neman zaɓe, sai murya ta sarƙe masa, ya cire tabarau ya share hawaye. A wannan jawabi ya ce wannan ce takararsa ta ƙarshe. Ya faɗi zaɓen. Bayan shekara huɗu ya dawo ya kayar da shugaba mai ci, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin Najeriya. Tsakanin 2003 da 2015 magoya bayansa sun ɗanɗani kusan duk abin da mai bin ɗan takara zai iya ɗanɗana: faɗuwa sau uku, zaman kotu na shekaru, juya bayan jam'iyya, zubar da jini, da kuma nasarar da ta zo da nata ɗacin. Shi ya sa tafiyarsu ta dace a yi karatu a kanta, ko wane ne gwaninka a yau.

Tafiyar ta fi watannin kamfe tsawo

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a fara yaƙin neman zaɓe kwana 150 kafin ranar jefa ƙuri'a, a rufe ana saura awa 24. Wannan lissafin hukuma ne. Lissafin magoyi baya daban yake. A 2003 Buhari ya tsaya a ANPP ya samu ƙuri'a miliyan 12.7, Obasanjo ya samu miliyan 24.4. A 2007 aka ba shi kusan miliyan 6.6 a zaɓen da shi kansa wanda ya ci, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa cewa yana da kurakurai. A 2011 ya tsaya a CPC ya samu miliyan 12.2, Goodluck Jonathan ya samu miliyan 22.4. Sai a 2015 ya kai miliyan 15.4, Jonathan na da miliyan 12.8.

Yaron da ya fara ihun "Sai Buhari" yana ɗan sakandare a 2003, ranar da aka rantsar da gwaninsa yana iya kasancewa magidanci mai 'ya'ya. Wanda ya shiga tafiya irin wannan da tunanin watanni biyar ne a gama, shi ne yake fara karaya. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana, amma haƙurin kaɗai bai kawo nasarar ba.

Cikar filin taro ba ita ce cin zaɓe ba

Babu wanda ya ga taron Buhari a Kano ko Bauchi a 2011 da zai yarda wai mutumin nan zai faɗi. Matasa a kan itatuwa da rufin motoci, ƙura ta turnuƙe, ayarin ya ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa gari. Nan ne magoyi baya yake ruɗuwa: abin da idonsa ya gani a garinsu sai ya ɗauka haka ƙasar take ko'ina.

Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharaɗi biyu. Dole ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jihohi 24 cikin 36. A 2011 Buhari ya ci jihohi 12, dukansu a Arewa, kuma abin da ya samu a Kudu baki ɗaya bai kai rabin miliyan ba. Ko da kowane mai katin zaɓe a Katsina ya dangwala masa, wannan giɓi ba zai cike ba.

Abin da ya sauya lissafin shi ne maja. A 2013 CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC, hukumar zaɓe ta yi mata rajista ranar 31 ga Yuli. A Nuwamba na shekarar gwamnonin PDP biyar suka shigo: na Kano, Sakkwato, Adamawa, Kwara da Ribas. A 2015 Buhari ya ci jihohi 21, ciki har da biyar daga cikin shida na ƙasar Yarabawa. Tambayar da ya kamata mai goyon baya ya riƙa yi wa kansa ita ce: a jihohi nawa gwanina zai iya samun kashi 25, kuma su wa suke yi masa aiki a inda ba a jin yarensa?

Jam'iyya da ɗan takara ba kullum suke hanya ɗaya ba

Bayan zaɓen 2007 Buhari ya tafi kotu. Jam'iyyarsa ta ANPP kuwa ta karɓi tayin shiga gwamnatin haɗin kan ƙasa ta 'Yar'aduwa, ta janye tata ƙarar, aka ba ta muƙamai. Shugaban jam'iyyar a lokacin, Edwin Ume-Ezeoke, shi ne kuma mataimakin da Buhari ya yi takara da shi. Wannan ne ya kai ga ficewar Buhari a 2010 zuwa CPC.

Ita ma CPC ba ta tsira ba. Da aka ga duk wanda Buhari ya ɗaga hannunsa yana iya cin zaɓe a Arewa, sai 'yan neman kujera suka yi mata ca, rikicin fitar da 'yan takara ya ɓarke a jihohi irin su Kano da Katsina, har ta tashi da gwamna ɗaya tak, na Nasarawa. Kalmar "sak" da ta yi tashe, wato a zaɓi jam'iyya daga sama har ƙasa ba tare da duba mutum ba, ta shigar da mutane da yawa majalisa albarkacin guguwa. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Mai goyon baya ya san cewa son ɗan takarar shugaban ƙasa bai wajabta masa son duk wanda ya manna hotonsa kusa da nasa a fosta ba.

Haka kuma maja tana zuwa da haɗiyar abin da ba a so. Mutanen da aka yi shekaru ana zagi a majalisar mai shayi, rana ɗaya sai ga su a kan dandamali ɗaya da gwaninka. A zaɓen fitar da gwani na Disamba 2014 a filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas, Buhari ya samu ƙuri'a 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954. Washegari dole magoya bayan ukun suka koma sahu ɗaya. A 2019 kuma Atiku ne babban abokin hamayya, Kwankwaso na mara masa baya. Kada ka ɓata da ɗan'uwanka saboda faɗan manya. Su za su shirya a ɗakin otal, kai a bar ka da gabar.

Kuɗi: wa yake bayarwa, wa yake karɓa

Al'adar siyasarmu ita ce ɗan takara ya raba, magoyi baya ya karɓa: atamfa, taliya, sabulu, kuɗin mota. A tafiyar Buhari an ga akasin haka a wasu wurare. Ya ce da rancen banki ya sayi fom ɗin takara na naira miliyan 27.5 a 2014, aka kuma buɗe asusun gudummawa tare da sayar da katin kankarewa irin na waya. Ɗan acaɓa da mai kayan miya suka riƙa sayen katin da ɗan abin da suka samu. A ɗaya ɓangaren, liyafar tara kuɗi ta PDP a Disamba 2014 ta tara alkawarin sama da naira biliyan 21.

Sai dai kada a yaudari kai. Jiragen da suka yi zirga-zirga, tallan jaridu da talabijin, da kuɗin wakilan rumfa a faɗin ƙasa, ba kuɗin kati ne ya biya su ba; gwamnoni da manyan masu hannu da shuni ne. Kuma wanda ya zuba jari mai yawa shi ake fara buɗe wa ƙofa. Dokar 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe a naira biliyan 5, gudummawar mutum ɗaya kuma kada ta wuce miliyan 50, a shekarar da fom ɗin APC kaɗai ya kai miliyan 100. Amfanin naira ɗari biyar ɗin da ka bayar gudummawa shi ne ka zama mai bin bashi, wanda yake da bakin tambaya. Wanda ya karɓi taliya ya riga ya karɓi haƙƙinsa.

Ranakun da labari ke muni

Kowane kamfe yana da makon da kamar komai ya rushe. Ranar 23 ga Yuli 2014 aka kai wa ayarin Buhari harin bam a Kawo, Kaduna. Ya tsira, mutane da dama suka mutu. A Janairu 2015 aka tayar da ƙurar takardar shaidar kammala sakandarensa, aka kuma yi ta yaɗa maganar rashin lafiya. Ana saura mako guda aka ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris bisa dalilin tsaro, mutane da yawa suka ce shi ke nan, an gama shirya maguɗi.

A irin wannan lokaci jita-jita take samun kasuwa. Yau ta fi sauri, domin saƙon murya ɗaya a WhatsApp yana zagaye jiha kafin la'asar. Ƙa'idar mai sauƙi ce: labarin da ya yi maka daɗi ƙwarai, ko ya tayar maka da hankali ƙwarai, dakata ka ji shi daga kafa biyu da ka amince da su kafin ka tura. Idan kuma zargin da ake yi wa gwaninka gaskiya ne, musantawa ba ta goge shi. Ka auna ko zai iya sauya maka ra'ayi, ka faɗa wa kanka gaskiya.

Aikin yana rumfar zaɓe

Taken "a kasa, a tsare, a raka" ya fito ne daga ɗacin maguɗin zaɓe. Ma'anarsa ta gari ita ce a tsaya a ga an ƙirga, a bi sakamako har inda ake tattarawa. Ka duba yadda abin yake a rumfa: rana ta yi sanyi, jami'in zaɓe, yawanci ɗan hidimar ƙasa, ya juye akwati a kan tebur, yana ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya jama'a na ƙirgawa da baki. Sannan ya cika takardar sakamako mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kofinsa, a manna ɗaya a bango. Wannan takarda ita ce hujja a kotu. Najeriya tana da rumfuna 176,846, kuma jam'iyyar da ba ta da amintaccen wakili a rumfa ba ta da shaida a kanta. Wakili ɗaya da ya ƙi tashi cin abinci har aka sa hannu ya fi masu ihu ɗari amfani. Kafin nan ma akwai aikin da ba a ɗauka a hoto: raka tsofaffi da matan aure karɓar katin zaɓe.

Idan aka faɗi

Nan ne babi mafi baƙi. Da sakamakon 2011 ya fara fitowa, tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa 12. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku, aka raba kimanin 65,000 da muhallansu. An kashe 'yan hidimar ƙasa a Bauchi, an yi kisan ramuwar gayya a kudancin Kaduna, an ƙona masallatai da majami'u da kasuwanni. Duk wannan bai ƙara wa kowa ƙuri'a ko ɗaya ba, kuma babu ɗan babban ɗan siyasa da aka ji a cikin mamatan.

Hanyar da doka ta tanada ita ce kotu, ko da ba ta da daɗi. Buhari ya bi ta sau uku ya faɗi sau uku. Shari'ar 2003 sai a Yuli 2005 Kotun Ƙoli ta yanke ta. Ta 2007 kuma a Disamba 2008, alƙalai huɗu suka rinjayi uku. Yanzu an taƙaita lokaci: kwana 21 na shigar da ƙara, 180 na yanke hukunci, 60 na ɗaukaka ƙara. Tsoron maimaita 2011 ne ya haifar da yarjejeniyar zaman lafiya ta Abuja a Janairu 2015, kuma ranar 31 ga Maris Jonathan ya ɗaga waya ya taya Buhari murna tun ba a gama sanar da sakamako ba.

Idan aka ci

Mutane sun yi murnar 2015 har wasu suka rasa rayukansu a wasan babura da motoci, wani ma ya tako a ƙafa daga Legas zuwa Abuja. Daga nan aka shiga jira. Sai a Nuwamba aka rantsar da ministoci. A Mayu 2016 litar fetur ta tashi daga naira 86.50 zuwa 145. A Oktoba na shekarar uwargidan Buhari, Aisha, ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa an ba mutanen da ba su wahala a tafiyar ba muƙamai, kuma in aka ci gaba a haka ba lallai ta sake fita yi masa kamfe ba. Buba Galadima, tsohon sakataren CPC na ƙasa, ya zama cikin manyan masu sukarsa. A Zamfara da Katsina, inda aka ba shi ruwan ƙuri'u, 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka.

Magoya baya suka rabu uku. Wasu suka ce Baba ba ya laifi, na kusa da shi ne. Wasu suka juya suka zama maƙiya. Kaɗan ne suka tsaya a tsakiya, suna yaba titi da layin dogo inda aka yi, suna tuna masa alkawarin tsaro da tattalin arziki inda aka gaza. Waɗannan na ukun su ne suka fahimci abin da suka yi wa wahala, domin ƙasa suka so ta gyaru, mutumin hanya ce kawai.

Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a Daura. Wani zaɓen yana tafe, da sabbin fostoci da sabbin waƙoƙi. Kafin ka ɗaura hula ko ka manna hoto a bayan Keke Napep, rubuta alkawura uku da gwaninka ya ɗauka ka ajiye a inda ba za su ɓace ba. Ka ba shi ƙuri'arka da lokacinka, amma kada ka ba shi ranka ko zumuncinka. In ya faɗi, ka koma gida lafiya. In ya ci, ka ɗauko takardar nan ka fara bin bashi.